Dambun da Na Kai Damagaram

A shekarar da aka sa sunana cikin waɗanda za su je Damagaram, na ɗauki abin da girma fiye da yadda yake. Mu kaɗan ne daga zumuntar mata, sai fasto da matarsa, da wani dattijon ikilisiya mai jin Faransanci. Aikin ma ba wani mai yawa ba ne. Za mu je mu ƙarfafa 'yar ƙaramar ikilisiyar da ke can, mu ziyarci abokai gida-gida, mu zaga unguwanni muna addu'a, mu dawo kafin hutu ya ƙare, don ni malamar firamare ce. Amma da yake ban taɓa ƙetare iyaka ba, sai da na ɗinka sabon kaya, na bi gidajen layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi ina sallama ɗaya bayan ɗaya. Mijina ya ce saura in ɗauki hayar mai shela.

Gidan haya muke zaune, kuma ɗakin da ke kallon namu na Inna ne. Tsohuwa ce daga wani ƙauye a kudancin Kano, mijinta direba ne, ya rasu ya bar ta a birni, tana sayar da daddawa da kuka, ana kuma ba ta aikin dambun nama in ana biki. Ta san mu Kirista ne tun ranar da muka sauke kaya. Ranar salla kwanonta ne ke fara shigowa ɗakinmu, ranar Kirsimeti kuma takan ci shinkafata, bisa sharaɗin a kai kajin wurin malamin layinmu ya yanka. A kan wannan sharaɗin muka zauna shekara da shekaru ba wanda ya ji kanmu.

Inna tana da ɗa a Damagaram, ɗan farinta, amma ba daga bakinta na ji ba. Autarta da ke aure a Tarauni ce ta gaya mini. Inna irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta faɗar sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa, in ana zancensa sai ta tuna ta bar wani abu a wuta. Ana yaye shi aka ba yayar mijinta riƙonsa, ita ta yi masa komai har ta rasu. Ya koyi walda, ya bi maigidansa Damagaram, ya yi aure can ya zauna. In ya bugo waya, Inna takan amsa gaisuwa a taƙaice, ta ce a ba ta yaran. Mu ma asalinmu ɗaya da su, uwata ta yi wa yayana irin wannan kara, amma ta Inna ta fi ƙarfina. Na sha tsokanarta a kai, tana ce mini bokon da na yi ne ya cinye mini ta ido.

Kwanaki kafin tafiyarmu na riƙa jin turminta, ga ƙamshin nama da citta ya cika gidan, alhali ba wanda ke biki a layin. Ana gobe za mu tashi, da la'asar, ta yi sallama ta shigo da wata roba mai murfi, ta ɗaure ta da tsohon ɗankwali.

"Malama, tunda hanya ta bi da ke, ga wannan ki miƙa wa yaran nan."

Na ce waɗanne yara, alhali na sani. Ta ce na Damagaram. Na ce to ubansu fa, me zan ce masa? Sai ta dubi takalmin da na ajiye a bakin ƙofa, ta ce igiyarsa ta kusa tsinkewa, gara in kai a ɗinke kafin ya kunyata ni a ƙasar mutane. Ta tashi ta fita. Autar ce ta yi mini kwatancen shagonsa ta waya, a lokacin cikinta ya tsufa, ta ce kwanan nan yayan nata yana fama da zazzaɓi, in duba mata shi.

Ta Daura muka bi. Robar nan a kan cinyata ta yi tafiyar, don ban yarda a ɗora mata kaya ba, matan zumunta kuwa suka sa ni gaba wai in buɗe a ɗanɗana. Da muka isa, 'yan'uwa suka karɓe mu kamar sun shekara suna jira. Da safe mukan yi sujada, mu fita biyu-biyu cikin unguwa, ido a buɗe, murya ƙasa-ƙasa, wanda ya gan mu sai ya ɗauka hira muke. Mu yi wa makaranta addu'a, mu yi wa kasuwa, mu yi wa matan da ke layin ruwa. Da yamma sai ziyara. Mun je wurin wani tsoho da idonsa ya tafi, da wata da mijinta ya tafi neman kuɗi ƙetaren hamada bai sake waiwayo ba. Ko'ina ni ake turawa gaba, don a ikilisiyarmu an san ni da baki. In aka ce ni zan rufe taro da addu'a, duk wadda ta bar tukunya a wuta sai ta fara salati a zuci irin namu. Ni kuwa daɗin abin nake ji, ba zan ɓoye ba.

Ranar da aka ba mu ta hutawa, na ɗauki robar, matar fasto ta raka ni. Muka sami shagon waldar a rufe, ƙasa ta taru a bakin ƙofar. Wani mai facin taya da ke kusa ya nuna mana gidan, ya kuma dube mu wani iri da ya ji daga Kano muke.

Matarsa ce ta tarbe mu, doguwa, mai sanyin magana. Ta shigar da mu, sai ga shi kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa. Ban taɓa ganinsa ba, amma ko a kasuwa na gamu da shi zan gane shi, fuskar Inna ce sak, har tsagar goshin. Sai dai idanun sun yi ruwan ɗorawa, hannuwan sun zama kara, cikin kuma ya kumbura ya ɗaga rigar. Wannan ba zazzaɓi ba ne.

Ya matsa sai ya tashi zaune saboda baƙi. Ya tambayi ƙanwarsa, ya tambayi masu gidan hayar, ya tambayi ko har yanzu ruwa na taruwa a bakin layinmu da damina. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya ce, mutanen gida fa? Shi ma ashe haka yake kiranta. Na ce suna lafiya, ga ma saƙo sun bayar a kawo wa yara. Yaran suka taso suka kewaye robar. Matarsa ta ce mini a hankali likita ya hana shi mai, ya hana shi nama, hanta ce.

Duk da haka ya ce a miƙo masa. Ya kwance ɗankwalin da kansa, ya ninke shi ya ajiye a gefen matashinsa. Ya buɗe murfin ya daɗe yana shaƙa. Sannan ya tsakuri ɗan kaɗan da yatsu biyu ya ɗora a harshe, bai tauna ba, ya bar shi nan.

"Har yanzu tana cika citta," in ji shi.

Ya rufe ya tura wa yaran, ya koma ya kwanta.

Matar fasto ta tambaye shi ko zai yarda mu yi masa addu'a, tunda abin da ya kawo mu garin ke nan. Ya ce mu yi, shi yanzu ba ya ƙin addu'ar kowa. Ta taɓa ni da gwiwar hannu. Na rufe ido na buɗe baki, ni da na yi wa kasuwa guda addu'a ban yi tuntuɓe ba, sai na ji babu komai. Na ce, "Ya Ubangiji, ka gan shi," na tsaya. Na sake nema, babu. Matar fasto ce ta karɓa ta ƙarasa, ni kuwa ina tsugune ina kallon ɗankwalin Inna.

Da matarsa ta rako mu zaure, ta riƙe mini gefen zane. Ta ce asibiti sun sallamo su, sun ce a je gida a ci gaba da magani, ita kuma ta gane abin da ake nufi. Ta ce ya hana ta faɗa a waya, ko an tambaya sai ya ce zazzaɓi ne. Amma in jikin ya yi zafi ya fita hayyacinsa, ba goggon da ta riƙe shi yake kira ba.

"Ke kin gani da idonki, Malama. Ki ce mata ta zo."

Na ce zan faɗa. A raina har ina ganin abu ne mai sauƙi, magana ce kawai, ni kuwa magana ba ta taɓa gagarata ba sai ɗazu. Sauran kwanakin na bi 'yan'uwa duk inda aka je, amma abu ɗaya nake roƙo, a bar shi da rai har uwarsa ta iso.

Muka dawo na tarar da ɗakin Inna da kwaɗo. Autar ta haihu muna can, Inna ta koma Tarauni yi mata wankan jego. Washegari na hau adaidaita na tafi, da cuku da dabinon da matarsa ta bayar. Ɗakin cike da 'yan barka. Inna ta karɓi tsarabar ta rarraba, ta shiga yi mini tambayoyi. Yaran sun yi wayo? Babbar ta shiga makaranta? An yi ruwa can? Nawa ake sayar da gero? Har yadda matan garin ke ɗaura zane sai da ta tambaya. Duk lokacin da na ce "shi kuwa," sai ta miƙa wa wata dabino, ko ta ce a duba mata jaririn.

Na jira har ta fita bayan gida, inda aka kafa murhu da rabin duro ana dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya. Na bi ta. Ba kowa sai mu biyu da hayaƙi. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗa mata komai, idanun, cikin, shagon da ke rufe, abin da likita ya hana shi ci, abin da asibiti suka ce, da wadda yake kira in jikin ya yi zafi. Tana tsugune tana tura itace, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya ba masu ciwo lafiya. Sai ta ce, ƙaramin yaron fa, ya fara tafiya?

Raina ya ɓaci.

"Inna, ɗanki ne fa. Ke kika haife shi."

Ta daɗe tana gyara wani itace da ba ya bukatar gyara.

"Malama, so kike a ce na bar mai jego cikin ruwan zafi na bi ɗan fari wata ƙasa? Da wane idon zan dubi mutane? Da wane idon shi zai dube ni?"

Na ce mata shi ne ke nemanta. Ta ce in an yi arba'in, dama tana da niyyar zuwa ganin jikokinta. Ta kuma gargaɗe ni kada in kuskura in faɗa wa mai jego, kada ruwan nononta ya ɗauke. Ta ɗauki bokiti ta fara kwasar ruwa, har yana zuba mata a ƙafa, ba ta ko janye ba.

Ba irin ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba. Na tare mijin autar, ma'aikacin gwamnati ne mai hankali, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai biya kuɗin mota ko yau, amma shi suruki ne, ba zai iya buɗe baki ya ce wa surukarsa ta tashi ta tafi ba, balle a kan ɗan farinta. Na koma wurin Inna na ce ni zan karɓi wankan, in zo da asuba kafin makaranta in dawo da yamma. Ta yi 'yar dariya ta ce ni da na yi jegona da ruwan buta ɗaya, so nake in sa wa 'yarta sanyi. Na ce to a kira wata daga ƙauye. Ta ce sai a ce me ya faru? Mijina ya ce in sassauta, na faɗa an ji, ba zan ɗauke ta a ka in kai ta ba. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na fi jin haushinsa.

Ranar Lahadi aka tsayar da mu gaban ikilisiya mu ba da shaidar tafiya. Na faɗi abin da ya kamata, aka yi tafi. A zumuntar mata na sa aka riƙa yi masa addu'a, ban faɗi ko wane ne ba, na ce wani mara lafiya ne da uwarsa. Ni kaina kuwa tun daga rumfar nan addu'ata ta gajarce, har mata suka fara tambaya ko lafiya. Matarsa takan kira ni, ba ta cewa komai sai "ya ya, Malama?" Ni kuma in ce mata an kusa. Na tsani wannan kalmar a bakina.

Da arba'in ta matso, wata rana na dawo daga makaranta na ji turmi a gidanmu. Inna ce ta zo daga Tarauni. Ta kira ni ta tambaye ni a wace tasha ake hawa motar, da wace takarda ake nunawa a iyaka, da ko ana barin tsofaffi su zauna gaba. Ta fito da zannuwanta na fita kunya ta shanya. Sannan ta buɗe mini wata sabuwar roba. Dambu ne, amma fari, busasshe, na kaza, ba ɗigon mai a ciki, a busasshiyar tukunya ta gasa shi tana juyawa.

"Na ji an ce yaran yanzu ba sa son maiƙo," ta ce, ba ta dube ni ba.

Ashe ba abin da ya wuce ta a bakin murhun nan. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukana.

Ina cikin aji matarsa ta kira. Ni ta kira, ba su ba. Saura 'yan kwanaki a yi arba'in. Na fita na tsaya a baranda, yara na leƙe ta taga, na rasa inda zan sa kaina. Irin wannan labari ba mace ɗaya ke kai shi ba, balle ni. Na kira mijin autar, shi ya nemo limamin unguwarsu da wani dattijo suka shiga wurinta. An ce ta yi salati, ta ce a miƙo mata mayafinta. Kafin a gama faɗa mata ma an riga an kai shi makwancinsa.

A Gyaɗi-Gyaɗi aka yi zaman makoki. Inna na zaune a tabarma da carbi, ido a bushe, tana amsa gaisuwa. Autar ce ke ta kuka da jariri a hannu. Na ji wasu tsofaffi na yaba Inna, wai ga mace mai kunya, ko a mutuwa ba ta zubar da girmanta ba. Na tashi na bar wurin, don na san halin bakina, kuma ba gidan da za a ji shi ba ne.

Bayan an yi sadakar bakwai mutane sun watse, wata rana da hantsi, mijina ya fita, yara ba sa nan, ta yi sallama ta shigo. Ba ta zauna a kujerar da ta saba ba, ƙasa ta zauna ta jingina da gado. Sai ta faɗi sunansa. Duk zamanmu ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ya fito mata da ƙyar, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Ya ci?"

Na ce ya ci, Inna. Na gaya mata yadda ya kwance ɗankwalin da kansa ya ninke ya ajiye kusa da kansa, yadda ya daɗe yana shaƙa, yadda ya ɗora a harshe bai tauna ba, da abin da ya ce a kan citta. Ta rufe fuska da mayafi. Ba ta yi ƙara ba, kafaɗunta kawai ke motsi. Ta tambaye ni ko na yi masa addu'ar da na je yi. Na ce na fara, kalma biyar na samu, sauran suka ƙi zuwa. Ta ce in faɗa mata su, na faɗa. Ta gyaɗa kai.

"Sake ba ni, Malama. Tun daga bakin ƙofa."

Na sake. Zaman da na yi a gidan ɗan nata bai kai a dafa shinkafa a sauke ba, kuma shi ke nan abin da take da shi. Daga baya ta je Damagaram ta ga jikokinta, an nuna mata kabarin, ta dawo. Ikilisiyarmu ta sake tura mutane sau da yawa, ban sake ba da sunana ba. Har yanzu muna gida ɗaya. Wani lokaci in ta ga gidan ya yi shiru takan shigo ta zauna a ƙasa, ni kuma in ajiye abin da nake yi in fara daga mai facin tayar da ya nuna mana gidan.